Abin da Baltasar Ya Bari a Aljihu

Ba ta fi sabulun wanka girma ba.
A aljihun kwat ɗinsa na same ta
ranar da muka kwashe kayansa,
ita da tsohon tikitin bas da alewar da ta narke.

Maite, jikata, ta ce, "Kaka, danna nan."
Na danna. Sai ta buɗe ido,
ta miƙo wuya gaɓa uku
kamar kunkurun da ya ji an daina taku.
Saura kaɗan in yar da ita.

"Saƙala igiyar a wuyan hannu tukuna.
Kin ga ɗan harshen nan na gaban maɓalli?
Tura shi dama, nesa ta zo.
Tura shi hagu, ta koma inda ta fito.
Sau talatin take jawo abu."

Sau talatin!
Ni da na yi shekara sittin da ɗaya a tudun Valparaiso,
matakala ɗari da tara daga titin kasuwa zuwa ƙofata,
ban taɓa jawo komai kusa ba sai da ƙafa.

Daga tagar kicin na fara.
Jirgin ruwan da ke can kamar ƙwayar shinkafa
ya taso ya cika allo, har tsatsar gefensa,
har wani ma'aikaci yana shanya safa a igiya.
Amma nesa ba ta son rawar hannu.
Numfashi ɗaya, jirgi ya tsere,
sai ruwa, sai sama, sai kwanon maƙwabta.
Na koyi kafa gwiwar hannu a bakin taga,
in riƙe numfashi,
in danna rabi, in jira ɗan koren akwati ya yarda,
sannan in ƙarasa.

Tana da halinta.
Da duhu ya fara sai hoton ya yi tsaki-tsaki.
Sanyin Yuli kan shanye mata batir kafin yamma,
shi ya sa nake ɗumama na biyun a safar hannu.
Ƙwayar yashi ɗaya ta taɓa maƙale mata a fatar ido,
kwana uku tana kallona a kanne.
Filasha kuwa na kashe ta.
Wa ke haska teku da ashana?

A wata na biyu yatsana ya zame
ya taɓa maɓalli mai alamar kibiya.
Sai ga wata tsohuwa tana cinikin kifi,
baki a murguɗe, yatsa a sama.
Na ce wace mafaɗaciya ce wannan?
Sai na gane gyalen.

Ni ce.
Ni a matakala ta arba'in, hannu a ƙugu,
ina hutawa inda nake ce masa ba na hutawa.
Ni ina miƙa wa karen wani burodi,
bayan duk rantsuwar da na sha cewa na tsani karnuka.
Hoto ɗari biyu da sha shida,
duk daga wannan tagar,
tun shekarar da ƙafafunsa suka ƙi sauka.
Ashe ba jiragen yake jira ba.

Da yawa sun dushe,
hannunsa ya fi nawa rawa.
Na ƙarshen rabin kaina ne kawai,
sauran duk shuɗin bango.

Maite ta ce katin ya kusa cika,
a goge waɗanda suka lalace.
Na ce nawa ne sabon kati?

Yanzu tana aljihun rigar sanyina,
ba ta kai lemo nauyi ba,
tana ɗan bugun cinyata idan ina hawa.
A matakala ta arba'in har yau ina hutawa.
Sai dai nakan gyara gyale tukuna,
in ɗaga kai.